Magaryar da Na Dasa wa Inna

Mu 'yan Zangon Wagadugu da baki muka san itatuwa, ba da ido ba. Kuka a wurinmu garin miya ne, ɗorawa daddawa ce, kaɗanya mai ne a cikin ƙwarya, tsamiya kuwa sai ranar da za a dama kunu ake tunawa da ita. Kakanninmu fataken goro ne, sun sha sauke kaya a gindin itatuwan nan a hanyarsu ta zuwa Gwanja, amma da suka gaji suka zauna a birni sai suka bar mana sunayen kawai, itatuwan suka bar su a daji. Na girma ina jin ana cewa ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa, ni ma ina faɗa wa ƙannena idan sun ɗebo rigima a waje, alhali da za a kai ni gaban marke da ƙirya a ce in nuna wanne ne wanne, sai dai in rufe ido in miƙa yatsa.

Mutum ɗaya ce a gidanmu ba haka take ba, ita ce Inna, mahaifiyata. Ta yi ƙuruciyarta lokacin da bayan unguwa fili ne, ana zuwa itace da ƙafa. Aikinta kuma ya ɗaure ta da wata itaciya guda, domin ita ke wankan gawar mata a unguwarmu, ita da Goggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda ke zuba mata ruwa. Duk gidan da aka yi rashin mace, kafin a gama kukan farko an aiko. Sai Inna ta ɗauki kwandonta, da ƙwarya a ciki da sabulu da kafur da ganyen magarya, ta yafa mayafi ta fita. In an kai ta dawo, ta yi wanka, ta ci abincinta. Ba ta taɓa ba da labarin abin da ta gani ba.

Ganyen magaryar nan ne damuwarta. A da, in ji ta, ɗanye ake tsinkowa a bayan unguwa, a daka a turmi, a zuba ruwa a murza har ya yi kumfa. Da gidaje suka cinye filin sai aka koma sayen garinsa a ƙulle a leda wajen 'yan Kano masu sayar da tufafi, waɗanda ke haɗo shi cikin kayansu. Inna takan kwance ledar ta shinshina, ta taɓe baki, ta ce Allah kaɗai ya san ganye iri nawa aka tara a ciki. Da shi take aiki, don ba yadda za ta yi. Amma sau da yawa na ji tana ce wa Goggo ita dai in tata ta zo ba ta son na leda, ɗanye take so, kuma da so samu ne daga cikin gidanta. Goggo ta ce to sai ki dasa. Inna ta ce da wace ƙafa, da wane ido. A lokacin yanar ido ta fara rufe mata gani, mutane ma sai ta murya take gane su.

Ni ce 'yar farinta, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Da ina ƙarama "ke" ce ni, da na zama malamar makaranta sai na koma "Madam", kuma yadda take ja wa kalmar wutsiya ya isa ya nuna maka ba girmamawa ba ce. Ba ta yaba mini a gaban mutane, ba ta yaba mini a ɓoye. Ƙannena ake tambaya ko sun ci abinci. Ban ɗauki wannan da zafi ba, haka na ga ana yi wa kowane ɗan fari a unguwar. Amma ƙarya nake in na ce ban taɓa son in yi wani abin da zai sa bakinta ya suɓuce ba.

Littafin itatuwan ya zo hannuna ne ta hanyar aiki. Ina koyarwa a wata makaranta a unguwar Dassasgho, sai wata shekara gab da damina shugaban makarantar ya ɗora mini dashen itatuwa a haraba, don kawai ni ce ban halarci zaman da aka raba ayyuka ba. Ya ce darbejiya da itacen turare sun isa haka nan, a nemo na ƙasa, ya miƙo mini wani littafi mai kauri. Ba ma littafin ba ne, kwafinsa ne da aka buga a inji aka ɗinke da zoben roba, duk hotunan sun koma toka-toka. Kowane shafi itaciya guda: hoton ganye da fure da 'ya'ya, sai bayani da Faransanci, sai wani dogon suna na masana, sai sunanta da More, yaren Mosi, da Jula da Fulatanci. Babu Hausa. Wanda ya rubuta bai san muna garin ba, ko kuma ya sani bai ga dalili ba.

Na buɗe shi don in sauke nauyi, sai ya kama ni. Abu na farko da na koya shi ne darbejiyar da ke ƙofar kowane gida, wadda nake ɗauka tare da Wagadugu aka halicce ta, baƙuwa ce daga wata nahiya. Manyan itatuwan da ke jere a tsofaffin titunan tsakiyar gari kuwa, waɗanda na yi shekaru ina wucewa ƙarƙashinsu a kan babur, rannan na tsaya na ƙirga ganyensu, na duba shafi, na ɓantari ɓawo na kai wa Inna. Ta ɗan taɓa da harshe ta tofar, ta ce wannan ai maɗaci ne, Madam, har sai an buɗe littafi. Na rubuta "maɗaci" da biro a gefen shafin.

Daga nan abin ya zama al'ada. Ranar Lahadi in ɗauki babur da littafi da leda, in nufi wani daji da aka killace kusa da madatsun ruwa na garin, ko in bi hanya har inda gidaje suka ƙare gonaki suka fara. Littafin ya koya mini tambayoyin da ake yi wa itace. Ganyen ɗaya-ɗaya yake fita ko biyu-biyu suna kallon juna, bakinsa sumul ne ko mai zarto, akwai ƙaya ko babu, in an karya reshe madara yake fitarwa ko ruwa. In na dawo sai in juye ledar a kan tabarma gaban Inna, ta riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya, ta murza, ta kai hanci. Wannan kalgo ne, da ɓawonsa ake ɗaure itace. Wannan sabara ce ta masu jego. Wannan aduwa, da ita ake sassaƙa allo. Wani lokaci ta daɗe tana juya ganye, ta ce ta san shi amma sunan ya gudu, sai bayan kwana biyu ina shirin fita aiki ta ce, ba tare da ta juyo ba, taura ce. Littafin yana da itatuwa ba sunayenmu, ni ina da sunaye ba itatuwa, Inna ce ke ɗaura auren. Ban taɓa zama da ita mai tsawo irin na waɗannan Lahadin ba, kuma na ji daɗinsu ƙwarai.

Kafin damina ta sake zagayowa na cika gefen shafuka da yawa, kaina kuma ya fara girma, don har malaman makarantarmu sun fara kawo mini ganye suna tambaya. Sai na yanke shawarar in dasa wa Inna magaryarta, kuma in yi ba tare da na kai mata ganye ta duba ba, don ta ga ɗalibarta ta sauke. Na bi masu sayar da dashe a bakin titi, daga unguwar Dapoya har hanyar Waga 2000, duk furanni ne da mangwaro da itatuwan ado na masu manyan gidaje. Ɗaya daga cikinsu ya yi dariya ya ce wa zai zo sayen ƙaya. Saboda haka na ɗaura ƙaramar fartanya a bayan babur na tafi daji.

Na same ta a bakin wani kwari, tsayinta bai wuce gwiwata ba. Na buɗe shafin magarya na bi alamomin ɗaya-ɗaya kamar mai duba jarrabawa. Jijiyoyi uku daga gindin ganye, akwai. Ƙayoyi biyu-biyu, ɗaya a miƙe ɗaya a lanƙwashe, akwai, har ta lanƙwashen ta kama mini zane. Reshe mai tafiya yana karkata hagu da dama, akwai. Na ba ta maki cikakke, na haƙo ta da ƙasarta. Akwai sauran layi biyu na bayani a ƙasan shafin da ban karanta ba, kuma ban juya shafi na gaba ba.

Na dasa ta a kusurwar tsakar gida, kusa da inda Inna ke alwala, sannan na kamo hannunta na kai ta wurin. Na ce, "Inna, ga magaryarki." Ta sunkuya ta lalubi reshe, ta kama ganye ɗaya da yatsu biyu. Ta shafa samansa, ta juya ta shafa bayansa. Ta ɗan jima a haka. Sai ta ce, "To. Allah ya raya." Ta koma tabarmarta. Na ji haushi a ranar, don na yi zaton ko sau ɗaya za a ce mini sannu.

Amma ta kula da ita fiye da yadda na zata. Ta sa aka kewaye ta da tsofaffin bulo saboda awakin maƙwabta. Ta matsar da kujerar alwalarta yadda ruwan zai gangara gindinta. In rani ya tsananta famfo ya ɗauke, ruwan da ya rage a buta nata ne. Itaciyar ta yi ta girma, a shekara ta uku ta kamo katanga, tana fizgar mayafin duk wadda ta raɓe ta, Goggo tana tsine mata kullum. Abu ɗaya na lura da shi ban ba shi ma'ana ba, shi ne in an aiko kiran wanka har lokacin garin leda Inna ke sawa a kwando. Na tambaya sau ɗaya, ta ce yarinya ce tukuna, a bar ta ta yi ƙarfi.

Da sanyin wannan shekarar itaciyar ta yi 'ya'ya. Magarya dai ko ban san uwar ba na san 'ya'yan, tun muna yara muke sayensu a ƙofar makaranta, masu ɗan zaƙi da gari-gari. Waɗannan sun fi duhu, ja ne mai sheƙi kamar an shafa musu mai. Na tsinki ɗaya na tauna, ɗaci ya cika mini baki. Na ce ƙila ba su nuna ba. Daidai lokacin matar da ke kawo mana itacen girki a amalanken jaki tana sauke kaya, 'yar Mosi ce daga wani ƙauye a bayan gari. Ta ga ina tofarwa. Ta dubi itaciyar, ta dube ni, ta tambaye ni da More wa ya dasa wannan a cikin gida. Na ce ni ce, mugunuga ce, wato magarya da yarensu, haka littafi ya ce. Ta tsinki ganye ta juyo mini bayansa. Ta ce magarya ta gaskiya bayan ganyenta fari ne, mai laushi kamar gashin ɗan tsako, wannan kuwa kore ne gaba da baya, ga santsi. Ta ce a ƙauyensu ko yara ba sa tsinkar 'ya'yan wannan. Ba ta yi dariya ba sai da ta juya jakinta, amma na ga kafaɗunta suna motsi.

Na shiga ɗaki na buɗe littafin. Layi biyun da na tsallake su ne suka yi maganar farin bayan ganye. A littafi na ainihi hoto zai nuna, amma a nawa fari da kore duk toka ne. Na juya shafi, ga 'yar'uwarta nan zaune tana jirana shekara uku, jijiya uku, ƙaya biyu, komai iri ɗaya, sai ganye mai santsi da 'ya'ya masu ɗaci. Wannan ko ban tambayi Inna ba na sha jin sunanta a cikin zance, magaryar kura. Na yi wa rogo kallon kitse, kuma na kawo shi na dasa a tsakar gidan uwata.

Abin da ya kamata shi ne in fita in gaya mata a take. Ban yi ba. A lokacin Inna ta daina fita wanka, ƙafafunta sun kumbura, likita ya ce zuciya ce, kullum tana kwance a tabarma cikin 'yar inuwar itaciyar. In na tumɓuke na dasa wata, sai wata shekara uku, kuma duk wanda ya dubi Inna ya san da wuya ta kai. Na gaya wa kaina tausayi ne ya hana ni magana. Akwai tausayin, amma kunya ta fi yawa, don na san yadda "Madam" za ta fito daga bakinta a ranar.

Sai na koma ga dabara irin ta marar gaskiya. Na ari littafi na ainihi, mai launi, wajen wani ma'aikacin gandun daji, na yi Lahadi uku ina juya ganyaye a bayan gari, har na sami magarya ta gaskiya, babba, a gefen wata gonar dawa, tafiyar kamar rabin awa a babur daga Zango. Na shafa bayan ganyen na ji laushin, na ci 'ya'yan na ji zaƙin. Na riƙe wurin a kaina, in an wuce gada a juya hagu wajen kukar da ta rabu biyu. Shirina shi ne in ranar ta zo in je in tsinko, in ba Goggo a ɓoye. Inna za ta sami ɗanyen ganyen da ta roƙa, kuma ba za ta taɓa sanin ba na gidanta ba ne. Duk wata sai na je na duba ko masu itace ba su sare ta ba.

Ta rasu wata Talata da hantsi, farkon damina, ina cikin aji aka kira ni. Kafin in iso gida ya fara cika, an ce za a yi jana'iza bayan azahar. Na shiga na gan ta, an rufe ta da zanenta. Na fito na ɗauki makullin babur. Wata maƙwabciya ta riƙe mini hannu ta ce ina za ki, uwarki na kwance. Na ce yanzu zan dawo. Na san abin da za a faɗa a kaina a unguwa, kuma an faɗa.

An yi ruwa kwana biyu kafin nan, hanyar ta lalace, sau biyu ina sauka ina turawa. Na tsinki ganye cike da leda, ƙaya ta yayyage mini hannu. Ban yi kuka ba sai a hanyar dawowa, shi ma iska ta busar. Da na shigo ta ƙofar baya na tarar da Goggo a tsugune gaban turmi, ta riga ta daka ganye ta kwashe a ƙwaryar Inna. Rassan itaciyar na ƙasa duk an zage su.

Na tsuguna kusa da ita na rage murya. Na ce, "Goggo, a zubar da wannan. Ba magarya ba ce, kuskure na yi. Ga ta gaskiya na kawo."

Ba ta ko dubi ledar ba. Ta ce, "Magaryar kura ce, mun sani. Tun ranar da kika kai hannunta kai ta sani. Mace ta yi rabin ranta tana murza ganyen nan, ke kina ganin sai littafinku na lakwal, na boko, ne zai gaya mata?"

Na ce to me ya sa ba ta faɗa ba.

Goggo ta zuba ruwa a ƙwaryar ta fara murzawa. Ta ce ita ma ta sha tambaya, ta sha cewa a bari ta sa a tumɓuke ƙayar nan ta huta da ɗinkin mayafi, Inna ta hana. Ta ce tun da azumi Inna ta aika aka tambayi liman, ya ce ruwa shi ne wajibi, magarya abin so ce in an samu, wanka ba ya ɓaci don rashinta. Da ta ji haka sai ta bar wasiyya. Goggo ta ce, "Cewa ta yi, duk matan da ta wanke a Zangon nan, ba wadda 'yarta ta je daji ta haƙo mata itace ta dasa. Ta ce da wannan za a yi mata, ko ta kura ce." Ta ɗan tsaya da murzawar, sannan ta ce, "Kuma da sunanki ta faɗa."

Na riƙe ledar ban san inda zan ajiye ta ba. Goggo ta karɓa ta rataye a ƙusa, ta ce za a shanya, ba a rasa mai bukata a unguwa. Ganyen da ke ƙwaryar bai yi kumfa sosai ba, ta daɗe tana murzawa kafin ya ɗan taso. Sai ta miƙe, ta miƙo mini butar da ita ta saba riƙewa, ta ce in wuce gaba, in fara zubawa ta dama.